Shinkafar da hankaka ya ƙi

Tankamani ta shekara ashirin tana wanke kwalabe a wani ɗakin bincike a Kerala ta ƙasar Indiya. Mijinta Welayudan, matuƙin kwalekwale, likitoci sun sa masa ɗan baƙin ƙyaure mai buɗe wa jini hanya a zuciya, wanda aka ƙera da wani abu dangin gawayi. Daga ranar ta hana shi zaƙi, wai yana kaurara jini, kuma ba wanda ya isa ya musa mata. Ya roƙi mazarƙwaila a shayi har ya gaji. Bayan shekara shida, jini ya daskare a jikin ƙyauren, ya rasu.

Wata rana a wurin aiki ta ga Dakta Rejita tana tsoma irin wannan baƙin abu a ruwa.

"'Yar nan, me kike jiƙawa?"

"Sukari muke shafa masa, Inna, kada danƙon jini ya manne."

Tankamani ta dafa bango. "Sukari? Ni kuwa na hana shi!"

"Haba Inna, ba na shayi ba ne. Ko buhu ya sha, ba zai kai can ba."

"Ke ya roƙa, ko ni?"

Ranar tunawa da mamaci ta dunƙula shinkafa a ganyen ayaba, ta cusa mazarƙwaila a ciki. A al'adarsu, in hankaka ya ci, mamaci ya yafe ke nan. Ta jiƙa hannu tana tafi, tana kiran hankaki. Guda ya sauka a katanga, ya karkata kai yana kallonta, ya ƙi matsowa. Har rana ta take, tana nan tana tafawa.