Shanshanin Koriya a Ƙafar Baba Ishaya

Ku sababbin nas, ku ja kujera. Akwai wata Laraba da ta ƙi fita a raina, lokacin ina aiki a sashen kula da ƙafafun masu ciwon suga a Birmingham ta Ingila. Aikinmu mu duba ƙafa kafin ƙaramin rauni ya zama gyambo, don mai suga idan ya yanke, ciwon ba ya warkewa da wuri, wani har a yanke ƙafar.

Cikin marasa lafiyarmu akwai Baba Ishaya, tsohon direban bas a unguwar Handsworth, mutumin Kafanchan. Jijiyoyin ƙafarsa sun lalace, zafi kamar ya taka garwashi. Ko takalmi ya kasa sawa, coci ma ya daina zuwa.

Da rana tsaka matarsa ta kira ni. "Rifkatu 'yata, ki zo! Babanku ya sayo shanshani na Koriya, ya daka, ya ce yau abokinsa Malam Audu zai yi masa tsaga ya zuba garin."

Na ce, "Tsaga? A ƙafar mai suga? Mama, ki ɓoye rezar!"

Ashe jikarsa ce ta nuna masa a waya cewa a Koriya ana maganin ciwon jijiya da dafin shanshani. Shi kuwa Baba, yadda ya taso, magani mai ƙarfi sai an tsaga fata an cusa.

Na ruga wurin shugabarmu, ta ce in tafi. Na jawo Min-ji, abokiyar aikina 'yar Koriya, muka faɗa mota. Wallahi ban san na iya tuƙi haka ba!

Muka tarar da ƙafar Baba a kan kujera, an shimfiɗa jarida, Malam Audu yana wanke hannu. A kwalba ga sauran busassun shanshani, kowanne an miƙar da shi a kan tsinke.

Baba ya ce, "Kin zo ki hana ni, ko? Ƙwayoyinku sun yi me?"

Ban yi gardama ba, gaskiya ya faɗa. Min-ji ce ta durƙusa ta karɓi kwalbar da hannu biyu. Ta ce kakarta ma an yi mata wannan magani, amma a can likitan gargajiya ne mai lasisi yake yi. Dafin ake tacewa tas, a yi allurar ɗan kaɗan, kuma ba kowa yake wa aiki ba. "Baba, a garinmu ma ba wanda zai yanka ƙafarka."

Baba ya dube ta, ya dubi rezar. "To, tunda masu abin sun ce a'a." Malam Audu ya share gumi ya ce dama shi hanyar gudu yake nema. Dariya ta ƙwace mana gaba ɗaya!

Ranar na kira GP ɗinsa, wato likitansa na unguwa, aka tura shi asibitin masu fama da zafi, aka canza magani. Zafin bai tafi duka ba, amma ya sauka.

Tun daga nan, kowa ya zauna gabana sai na tambaye shi me yake gwadawa a gida, kuma ba na dariya. Wanda zafi ya hana barci zai gwada komai.

Wata Lahadi ina zaune a coci na ji an taɓa kafaɗata. Baba ne. Ƙasa kawai ya nuna min. Takalmi ne baƙi, ya sha goga, ƙafa biyu cif.