Mayafin da Kassimu Ya Buge

Hadjara ba ta yarda da mai yawan magana ba. Ta yi shekaru tana wanke-wanke da shara a gidajen mutane a Jidda, ta sha jin alkawari daga bakin kafili, wato ubangidan da ya tsaya mata, da bakin masu cewa za su gyara mata iƙama, takardar izinin zama, ba ta ga alkawarin da ya taɓa wanke mata tukunya ba. Idan aka ce mata wane mutumin kirki ne, tambayarta ɗaya ce: "Me ya yi?"

Yanzu gwiwa ta zaunar da ita. Suna hawa na uku a wani tsohon bene a unguwar Bani Malik, ita da mijinta Kassimu, mai lodin kaya a wani sito a unguwar Khumra. Abin da ta tsira da shi daga aikin gidaje, ban da ciwon baya, wani ɗinki ne da ta koya wurin wata Baturiya 'yar Norway, matar injiniyan jirgin ruwa. Baturiyar tana kiransa Hardanga. Hadjara tana kiransa ɗinkin taga, don ramukansa suna tuna mata tagogin katakon tsoffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Ba a zana komai a kan yadi. Farin lilin ake samu mai saƙa daidai, wanda ake iya ƙirga zarensa da bakin allura marar tsini. Da zare mai kauri ake jera ɗinki biyar a kan zare huɗu, ya tashi kamar ɗan bulo, a jera wani a gabansa su fuskanci juna. Sai bulo ya kewaye wuri ya tsare shi sannan a sa almakashi a yanke zaren tsakiya a zare shi. 'Yan zaren da suka rage kuma a naɗe su da zare siriri, su zama sanduna, a saƙa ɗan ido a tsakaninsu. Kuma fari a kan fari. Baturiyar ta ce haka ake yi a garinsu, Hadjara ba ta taɓa saɓawa ba, ko da matan unguwa suna yi mata tsiya.

"Hajiya, wannan wahala duk a kan abin da ba a gani? Ki ɗan sa ja mana!"

"Mai ido ya gani," in ji ta.

To, idon ne ya fara gudunta. Likita ya ce yana ce, za a yi aiki in lokaci ya yi, amma ta manta da ƙirga farin zare. Ta ce ta ji. Ta dawo gida ta ɗauko mayafin da ta fara tun ranar da 'yarta Surayya ta gaya mata tana da ciki. Jikanta na fari za a rufa da shi ranar suna. Ta san shi ne farin ɗinkinta na ƙarshe, ta kuwa kafe sai ta gama. Da hantsi, lokacin da haske ya fi kyau, takan ja kujera bakin taga ta manna yadin kusa da hanci, tana yi tana share ruwan ido. Ta gama ana gobe naƙuda za ta tashi. Ta wanke shi, ta shanya a falo, sai ga wayar surukinta Idris daga unguwar Madain Fahd cewa naƙuda ta tashi. Ta zuri abaya ta fita.

Kassimu shi ma ba mai magana ba ne, abin da ya sa ta aure shi ke nan. Bai taɓa ce mata tana da kyau ba. Amma shi ne mai hawo mata da tukunyar gas hawa uku bayan ya wuni yana ɗaukar buhuna, kuma shi ne ya sauya ƙwan falo da mai haske ba tare da ya ce don idonta ba ne. Kafin ya zo Saudiyya, mabugi ne a Damagaram. Gidansu gidan bugu ne tun kakanni. A wurinsa tufa ba ta gamu ba sai ta sha sitaci, an ninke ta a kan gungume, an daka ta da gudumar itace har ta yi ƙyalli. Gudumar tana nan a ƙarƙashin gado, duk Juma'a yana buga shaddarsa da ita, maƙwabcinsu na ƙasa yana bugun rufi da tsintsiya.

Ya dawo daga aiki ya tarar da mayafin a kan igiya, ya bushe, duk ya yamutse. Ya dube shi. Wata da watanni matarsa tana ƙona ido a kansa, a ce a kai shi gaban mutane haka ba ƙyalli? Ya dama sitaci, ya yayyafa, ya ninke shi da kyau, ya yi masa bugun da bai yi wa rigar kowa ba tun barinsa gida.

Bayan kwana biyu Hadjara ta dawo ɗaukar kaya, an sami 'ya mace. Ta tarar da mayafin a kan gado a cikin leda, yana sheƙi kamar takarda, Kassimu tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu a baya yana jiran ta gani.

Ba ido ne ya fara gaya mata ba, yatsu ne. 'Yan bulon da ya kamata su taso sun kwanta shar. Ta warware shi. Duk inda ninki ya bi ta kan taga, sandunan sun tsinke, zare yana reto kamar gemun akuya.

Ta zauna a bakin gado.

"Baban Surayya."

"Na'am."

"Babbar riga ka gani?"

Ya matso ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya durƙusa ya jawo gudumar daga ƙarƙashin gado ya nufi ƙofa.

"Ina za ka da ita?"

"Bola."

"Ajiye. Guduma ce ta hau da kanta? Sa takalmi, yalla, Balad za mu."

A shagon Abdulghani, Bayamanin da take sayen zare wurinsa, akwai farin siririn zaren. Ya miƙo mata. Ta ɗora shi a kan gefen mayafin, ta kai fuska, ta janye, ta sake kaiwa. Ba ta ga inda zare ya ƙare yadi ya fara ba. Ko kwanakin da take ƙarasa mayafin tana ɗan gani. Tana ta juya zaren har Abdulghani ya tambaye ta ko lafiya, "Salamat, ya Hajja?"

"Kawo mini shuɗi. Mai haske, irin na ruwan teku a Kornish da safe."

Kassimu ya ce, "Kin ce fari a kan fari."

"Na ce. Kai ma ka ce ka iya tufa."

Ya nemi hutun kwana uku a sito, abin da bai yi ba ko lokacin da buhu ya goce masa kafaɗa. Da farko suka jiƙa mayafin sitacin ya fita, ta kifa shi a kan tawul, ta tsaya a kansa yana bi da turirin dutsen guga ta baya, ba dannawa, har bulon suka ɗan ɗago kai. Sannan suka zauna bakin taga. Idonsa garau yake. Shi ke bi da allura yana nemo inda zaren yadi ya tsinke, ya ƙirga huɗu, ya shimfiɗa sabo, ya riƙe mata da babban yatsa mai kaushi kamar bayan kada. Ita kuma ta naɗe da shuɗi, wanda take gani sarai.

"Uku ka kama."

"Huɗu ne."

"Ina ji a hannuna, uku ne. A sito ma haka kake ƙirga musu buhu?"

Ya sake dubawa. Uku ne.

Rana ta biyu ya fara naɗin da kansa a inda hannunta ya gaji. Sandunansa sun fito da kauri, wata ta karkace. Ta shafa, ta ce ya warware. Ta uku da ya yi ta karkace ita ma, amma ba ta motsi. Ta bar ta.

Ranar suna gidan Idris ya cika, mata sun zube a falo, ana ta kai gahawa da dabino, ana Hausa ana Larabci. Aka fito da jaririya a rufe da mayafin. Shuɗin ya bi layin ninki daga wannan gefe zuwa wancan, ya gicciya, kamar da gangan aka tsara. Surayya, wadda a Jidda aka haife ta kuma Hausarta ke tuntuɓe, ta ɗaga gefensa tana kallo.

"Ya Ummi, marra hilu, ya yi kyau sosai! Amma ke ba kya sa kala, lesh yanzu, don me?"

Wata maƙwabciya ta cafe, "Ai mun daɗe muna gaya mata. Hajiya, yau kin ji maganarmu!"

"Ban ji maganar kowa ba," in ji Hadjara.

Ta jawo hannun Surayya ta ɗora yatsanta a kan wata sanda mai kauri wadda ta karkace.

"Kin ji wannan? Ta ubanki ce. In za ki wanke, da hannu za ki wanke, ki goge ta baya. Kuma ko mutuwa na yi, kada ki bari ya taimaka miki."

Mata suka kwashe da dariya. Hadjara ta gyara wa jaririyar mayafin a ƙarƙashin haɓa, ta ce a zuba shinkafa da nama mai yawa a kai wa Kassimu ƙasa wurin maza, bai karya ba tun safe.