Hansai, Mai Sayen Bawa da Ludayin Gero

Hansai, ungozomar Karare, ba ta gama karin kumallo sai an yi sallama a ƙofarta. Ta ɗauki askarta ta bi mai kira, gwiwoyi na ciwo. Ta tsufa a kan gasa cibi da wankan jego, har waɗanda ta yanke wa cibiya sun fara furfura.

Daga bakinta na ji asalin sunan Bawa. Idan mace na wabi, 'ya'yanta suna mutuwa tun suna jarirai, sai ungozoma ta yi kamar ta sayi sabon jaririn, a riƙa kiransa Bawa, wai mutuwa ta ɗauka ba na gidan ba ne ta wuce. Haka ta yi wa ɗan Sauda, wata mai wabi. Ta ba da ludayin gero a gaban mata, liman ya raɗa masa Yusha'u, gari ya kama kiransa Bawa. Yaron ya rayu. Malamai sun ce ragowar Maguzanci ne, ajali ba ya ruɗuwa. Gaskiyarsu. Amma na kasa ganin laifin wadda ta sa uwa ta sami barci.

Shekarar da fara ta cinye amfanin gona, gidan Hansai ya kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Ɗanta tilo, Kabo, ya je gaban mai gari ya ce ɗan Sauda bawansu ne, akwai shaidun ciniki, zai ba fatake shi su ba shi dawa. Aka kira ta. Da ta yi shiru kawai, da an tafi da yaron, da jikokinta sun ci tuwo.

Ta dubi ɗanta ta ce, “Mutuwa na yi wa ƙarya, ta kuma yarda. Kai ma mutuwar ce?”

Mai gari ya sallami Bawa. Kabo ya kwashe iyalinsa ya koma Tsaskiya, bai sake taka gidanta ba.

Ke ce kika tsare ɗan wata, naki ya tafi. Mun gode, Hansai, Allah ya saka miki. Masu tasowa, ku koyi riƙon amana a wurinta, ku kuma riƙa leƙa ta. Ita ke ɗebo itacenta yanzu, kuma duk wanda ya fito daga Tsaskiya sai ta tsayar da shi ta tambaya ko Kabo yana lafiya.