Ranar da Muka Bar Mamuda Ya Raba Iri

Damina goma sha tara ke nan da muka kai Mamuda makwancinsa a Gaya. Abokina ne tun muna yara, daga baya ya zama shugabana a ƙungiyar manoman gyaɗa da ta haɗa Gaya da Ajingi. Ni nake kula da ɓangaren Ajingi.

An ɗora shi a kanmu yana da shekara talatin da 'yan kai. Mu huɗu ne manyan ma'aikatansa, babbanmu kuwa, Malam Iro mai riƙe da sito, sa'an mahaifinsa ne. Kullum da safe Mamuda zai rusuna ya gaishe shi da "Baba", in an zauna taro kuma Baba ya koma ce masa "ranka ya daɗe". Mukan yi masa tsiya a kan haka, ya yi dariya, amma na san abin yana ci masa rai.

A shekarar da ta biyo bayan babban fari, irin gyaɗa ya yi wuya. Abin da ke sitonmu shi kaɗai manomanmu za su shuka, in ya salwanta babu wani. Sai ruwa ya sauka da wuri, manoma suka cika ƙofar ofis. Mamuda ya tara mu, ya buɗe taro da cewa shi dai a ganinsa a raba iri gobe. Sannan ya nemi ra'ayinmu.

Nan ya yi kuskure. A wajenmu, in shugaba ya riga ya faɗi nasa a gaban mutane, musa masa cin fuska ne. Malam Iro ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka gani, ranka ya daɗe." Mu ma muka bi sahu. Alhali da safiyar ranar, a gindin darbejiyar ofis, dattijon ya gaya mana ya tona ƙasa, laimar ba ta kai tsawon yatsa ba, a jira ruwa na biyu.

Aka raba, aka shuka, ruwa ya ɗauke. Gyaɗa ta tsiro ta ƙone. Magidanta da yawa a ƙauyen Balan da kuma Ajingi sun bar gida neman abinci tun damina ba ta raba tsakiya ba.

Da labarin darbejiya ya kai masa, sai ya tafi zauren Malam Iro, ina biye da shi.

"Baba, ka sani, ka ƙyale ni?"

"Ɗana, ai ka riga ka yi magana. In kunyata ka a gaban mutanenka?"

"Da ka kunyata ni, Baba, da gonakin Balan ba su ƙone ba."

Daga ranar bai ƙara fara magana a taro ba. Sai ya soma da jin ta bakin mafi ƙanƙanta a cikinmu, ya ƙare da Baba, sannan ya yanke. In batu mai nauyi ne, ya hau keke ya bi mu gida ɗaya bayan ɗaya. Taro ya riƙa tsawo, na sama da shi a Kano suka ce ba shi da kuzari. Bai kula su ba.

Nakan tambayi kaina me Mamuda zai ce game da ofisoshin yau, inda manya ke gyaɗa wa shugaba kai, su fita su ɗauki waya su yi ta gunaguni. Ina jin shugaban ne zai fi ba shi tausayi, don ya san kaɗaicin mutumin da kowa ke ce masa daidai ne.

Ƙungiyar ta watse, siton ma ya rushe. Abin da ya rage shi ne halin Mamuda: a gaban manoma shi kaɗai ya ɗauki laifin, bai taɓa ambaton sunan kowa ba. Ya tambayi Baba dalili. Ni da muke cin tuwo kwano ɗaya, wanda da na ja shi gefe kalma ɗaya ta isa, bai tambaye ni ba har ya koma ga Allah.

Mamuda, ina gindin bishiyar nan, na ji komai, na yi shiru. Allah ya jiƙanka, ni kuma ya yafe mini.