Shuwakar Baba Tela

A layinmu, in aka ambaci Baba Tela, abin da kowa ke fara tunawa shi ne ranar da gindin daro ya ɓalle masa a ka. Ya haƙo shuwaka da saiwarta da jiƙaƙƙiyar ƙasarta, ya ɗora a ka kamar mai talla, yana sako ƙafa waje tsatsa ta ci amanarsa. Farar rigarsa ta koma launin ƙasa, hularsa kuwa sai da aka tono ta. An yi dariya har da riƙe ciki.

Ya daɗe yana haya a ɗaki ɗaya, keken ɗinkinsa a bakin ƙofa. Shuwakar, marigayiya matarsa ce ta dasa, reshe guda ta soke kusa da makwararar ruwa. Wata ta taɓa gaya mata cewa in aka ƙyale ta tana yin farin fure buzu-buzu mai ƙanshi, ƙudan zuma na rububinsa. Sai dai a gidan haya ba a ƙyale komai. Wannan ta tsinki na miya, waccan na ciwon cikin yaro, ita kuma baiwar Allah ba ta iya cewa a'a ba. Har ta rasu ba ta ga furen ba.

Daga nan Baba Tela ya juya kekensa ya fuskanci shuwakar, ko ganye ɗaya ya hana. Matan gidan suka daina gaishe shi, suka kwashe ɗinkinsu suka kai wani wuri. Ya rame, ita ta yi ƙiba.

A shekarar da kawunan fure suka fara leƙowa, ɗan mai gidan ya zo da magina za a malala siminti a tsakar gida.

"Ranka ya daɗe, a ɗan jira ta buɗe," in ji Baba Tela.

"Baba, siminti ba ya jiran ciyawa."

Shi ya sa ya haƙe ta. Bayan daro ya ba shi kunya, ya tattara ta a zani ya dasa bayan shagon mai faci, yana ba ta ruwa safe da yamma. Ta bushe.

Kwanan baya mai askin layin ya tsokane shi: "Baba, yaushe za a sake fita talla? Shuwaka dai ga ta nan jibge a kasuwa."

Bai ɗago daga keken ba.

"Ganye suke sayarwa, ɗana. Ni ma ban taɓa ganin furen ba. Da na gani, da na samu labarin da zan kai wa marigayiya."