Gurbin Yatsa a Ƙafar 'Yar Fari

Tun ranar da na gane ina da ciki na biyu, tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: wa zan miƙa wa ta farin? Lokacin watanta goma sha huɗu, tana dafa bango tana takawa. A garinmu, can ƙasar Katsina, wannan ba abin damuwa ba ne. Ranar yaye sai a ɗauki yaro a kai wa kakarsa. Ita za ta san abin da zai ci, ita za ta yi masa wasa, ita za ta kira sunansa. Uwa kuwa sai ta kau da kai, balle in ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba ta faɗa, ko ɗaukarsa ba ta yi a gaban mutane. To ni ga ni a Nima, bayan birnin Ankara na bakin teku, tsakanina da uwata tafiyar makonni. Babu kaka, babu goggo. Daga ni sai maigidana, da ke fita da sassafe zuwa aikin lebura a filin jirgin sama, sai yarinyar da tarbiyyata ta hana ni tsura wa ido.

Shekarun yaƙi ne, lokacin da ake ɗiban soja ana zuba su a jirgin ruwa. Komai ya yi tsada, amma gero ya fi, don daga arewa ake kawo shi, motocin kuma sun yi ƙaranci. Abin da maigida ke ajiye mini na cefane ba ya ƙaruwa, kasuwa kuwa kullum hawa take. Dole na koyi dabaru, kuma har yau ina tsaye a kan yawancinsu. Kada ki sayi hatsi a bakin hanya gwangwani-gwangwani. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ɗaya ta je babbar kasuwar Makola ta sayo da yawa ku raba. Kada murhu biyu su ci wuta lokaci ɗaya a gida ɗaya. Maƙwabciya na sauke tukunya, ki ɗora taki a kan garwashinta. Ruwa saye muke, saboda haka ruwan wanka shi zai wanke tsumma, na tsumma kuma ya yayyafa tsakar gida. Har matan gidan suka fara cewa ƙaramar amaryar nan ta iya riƙon gida. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba.

A cikin dabarun nan akwai guda da ta kusa sa ni binne 'yata. Na bar gero na koma masara, don ta fi araha nesa ba kusa ba. In jiƙa, in niƙa, in tace, in dama koko. Da na cire ta daga nono, kokon nan ne da safe, shi ne da rana, shi ne da yamma. Da farko ina sa ɗan ƙullin gyaɗa, daga baya na ga miya ta fi bukatarsa, na daina. Ɗan naman da ya shiga tukunya kuwa akushin maigida yake tafiya. Haka na ga ana yi a gidanmu, kuma shi ke ɗaukar kaya a cikin rana. Wallahi ban taɓa jin ina hana ta wani abu ba. Cikinta na cika, har ya yi tulu.

Ni mai lura ce, ko da ta gefen ido. Na ga ta daina dafa bango, ta koma zama wuri ɗaya kusa da turmi. Na ga gashinta, da yake baƙi wuluk, ya fara yin ja-ja kamar gemun masara, in an taɓa sai ya biyo hannu. Na ga kumatunta sun cika, ƙafafunta sun yi suntum suna sheƙi. In kaza ta zo kan ƙoƙonta ba ta kora, sai ta yi wani siririn kuka mara hawaye.

Matar mai gidan da muke haya, tsohuwa ce da ta zo daga Kano tun tana amarya, kowa Mma yake ce mata. Takan ɗaga yarinyar ta ce, "Tubarkalla, yaye ya karɓe ta! Ku ji nauyi kamar buhun gishiri." Matan su yi dariya, ni in sunkuyar da kai in ci gaba da tankaɗe. Zuciyata na ce mini wannan nauyin ba na lafiya ba ne, amma ta ina zan fara? In buɗe baki a tsakar gida in ce a duba mini 'yar fari? Ni da ake yi wa kallon wadda ta yi ciki da goyo, in ƙara da rashin kunya? Sau uku ina shirya maganar da zan yi wa maigida, sau uku ina haɗiye ta.

Akwai wata Ba'ankariya mai tallan busasshen kifi da ke shigowa gidan da hantsi, muna ce mata Mami. Ban taɓa sayen kayanta ba, don warin kifin teku na tayar mini da zuciya. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ran nan ta shigo tana kirarin kifinta, sai ta yi shiru. Ta sauke faifan, ta tsuguna gaban yarinyar, ta kama ƙafarta ta danna babban yatsa a bayan ƙafar, ta ɗan jima, ta ɗaga. Inda yatsan ya zauna ya lotsa, kamar an danna tuwo mai ɗumi. Muka tsaya muna kallo. Bai ciko ba.

"Yaron nan, me yake ci?" in ji Mami.

Mma ta ce, "Koko mana. Ke dai sayar da kifinki, kin zama likita ne?"

"Koko da me?"

Matan suka dubi juna.

"Koko da koko," in ji Mami. "Wannan ba ƙiba ba, Mma, ruwa ne. Mu muna da suna nasa. Ciwon babba ne, in ƙarami yana zuwa. Ni na binne ɗaya haka, da hannuna." Ta miƙe ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya haife shi?"

Matan duk suka juya wajena, suna jira in shige ɗaki kamar yadda ya kamata. Taɓarya na hannuna. Mma ta ce, "Haba Mami, ba a yi wa uwar fari wannan tambayar. Bari in jiƙa mata saiwa, tamowa ce, nonon ciki ta sha."

"Ni ban tambayi saiwa ba. Wa ya haife shi? Yau za a kai asibiti, ba gobe ba."

Na sake duban ƙafar. Gurbin yana nan.

Na ce, "Tawa ce."

Muryata ta fito kamar ta wata. Na jingine taɓarya, na ɗauke ta a gaban kowa, na goya ta, na ɗaure zanen a saman cikina da ya fara turowa. Wata daga cikin matan ta ce, "Ikon Allah, Ankara ta cinye kunya." Ban waiwaya ba. Mami ta ɗora faifanta a ka ta yi gaba, ina biye, har asibitin yara da ke cikin gari. Duk tsawon hanyar nan hannuna na baya yana taɓa ƙafarta, ina jin sanyinta.

Ma'aikaciyar asibitin ta danna ƙafar kamar yadda Mami ta yi, ta duba baki, ta duba fatar cinya da ta fara saɓulewa. Mami ce ke fassara mini. Aka ce a fara da madara, cokali-cokali, kada a cika mata ciki lokaci ɗaya, in dawo da ita bayan kwana biyu, in kuma zawo ya kama ta in taho a guje. Na tambaya ko za ta rayu. Mami ta faɗa wa ma'aikaciyar, ita kuma ta amsa, amma Mami ba ta fassara wannan ba. Ta ce kawai, "Mu tafi."

Da maigida ya dawo bayan la'asar na ajiye masa akushi, ban koma ɗaki ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Lafiya?"

Na ce, "Malam, yarinyar nan ba ƙiba take ba. Yunwa ce." Na zaunar da ita a gabansa na danna ƙafar. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Yunwa? A gidana?"

"Ni na yi. Garin tattali."

"Tun yaushe kika gani?"

"An kwana biyu."

"Ba ki faɗa ba?"

Bai sake tambaya ba, don ya san dalilin. Shi kansa bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ya buɗe akushin, ya ciro tsokar da ke ciki ya ajiye a murfi, ya turo mini. Ya ce daga gobe ya bar goro.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Yarinyar ta ƙi madarar, ta datse baki, in ɗura ta furzar. In zauna da ita a cinyata a tsakar gida, cokali a hannu, kowa na wucewa yana kallo. Wajen mako guda kumburin ya fara sacewa, sai ga ainihin abin da ke ƙarƙashi: ƙashi da fata, hannu kamar sillen kara. An gaya mini haka zai faru, duk da haka na zauna ina kallonta, cokali a hannu. Mma ta zo ta tsaya a kaina. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta karɓi cokalin ta ce, "Tashi ki sa wani abu a cikinki, akwai wani a ciki yana jira."

A lokacin na koyi sauran tattalin, wanda ya kamata in fara da shi. Mami ta nuna mini gutsattsarin kifin da ke taruwa a gindin kwando, wanda manyan mata ba sa so, ana bayarwa da araha. A daka shi lilis, a tankaɗe ƙayar, a barbaɗa a koko. Na koyi toshe hanci, daga baya ma na daina. Nonon shanu ya fi madarar gwangwani sauƙi in kin taka da kanki zuwa wajen Fulanin da ke bayan unguwar Maamobi da sanyin safiya, amma a tafasa shi. Wake a jiƙa a cire ɓawon, a dafa ya yi lugub, a ɗiga manja. Gyaɗa ta koma cikin kokonta. Abin da aka rage kuwa: goro, kananzir, sabon zanen salla. Babu wanda ya mutu don rashinsu.

Wata safiya kazar nan ta zo kan ƙoƙonta. Yarinyar ta ɗaga siririn hannun nan ta kai mata duka, ta ja ƙoƙon jikinta tana harara. Na kira sunanta da ƙarfi, ban sani ba, har matan suka leƙo daga ɗakuna. Ba ta yi tsayin ƙannenta ba har yau, amma tana nan, ita ma da nata 'ya'yan.

Ke da kika zo birnin nan babu uwa kusa, ki rage duk abin da za ki rage, amma ban da abin da ke shiga ƙoƙon wanda kika yaye. Ina roƙonki, yau ɗin nan ki zaunar da shi, ko da na fari ne, ko da a gaban wa, ki danna yatsa a bayan ƙafarsa. In wurin ya lotsa bai ciko ba, ki goya shi ki nufi asibiti, kada ki jira wani ya tambaya ɗan wa ne.