Baffa Weng, Wanda Ya Mayar da Mai Gira Kan Ruwa

Kafin mu buɗe rumfar gyaran raga da safe, Baffa Weng ya riga ya sauka bakin ruwa. Yakan zo da guga a hannu, da ƙaramar guduma soke a ɗamara, da kwanon kunun shinkafa da matarsa ta ɗaure masa a tsumma. Ba ya taɓa kunun sai ya gama da jirgi. Zai ɗebo ruwan teku ya watsa a kan katakon sama, daga goshi har baya, guga goma sha biyu, ko da an kwana ana ruwa. Baƙi sukan yi dariya, wai tsoho yana jiƙa abin da yake jiƙe. Shi kuwa ya ce ruwan sama ke ruɓar da katako, gishiri ke tsare shi. Daga nan sai ya sauka ciki, yana bin katakan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kunnensa manne da su. Mu a rumfa da mun ji wannan ƙara mun san shida ta yi.

Jirgin shi ne Mai Gira, saboda koriyar girar da aka zana a saman idanunsa biyu na goshi. Katako ne zalla, ginshiƙi uku, ba shi da inji, iska ke tura shi da manyan zannuwa jajaye. An sassaƙa shi tun kakata tana budurwa. A da irinsa sun fi ɗari a tsibirinmu. Da jiragen ƙarfe suka zo daga birnin Ningbo, aka fasa wasu aka hura wuta da su, wasu suka ruɓe a taɓo. Shi kaɗai ya rage mana.

Baffa Weng Shikang mai toshin jirgi ne. Aikinsa ya cusa zaren rama tsakanin katako da katako, ya bi da kwaɓi, don kada ruwa ya shiga. Shekara hamsin da biyar yana wannan aiki, ba a taɓa sa hotonsa a jarida ba. A watan nan ya ajiye guduma, shi ya sa nake so a san abin da muka gani da idonmu.

Shekara uku da suka wuce guguwa ta buga Mai Gira da duwatsun gaɓa, aka jawo shi tudu. Wata takwas yana kwance a rana, katakan suka bushe suka buɗe baki, har mutum na iya zura yatsa. Sai Lou Jianping, sakataren kwamitin ƙauye, ya kawo shawara. Ba mugun mutum ba ne, yana dai son abu ya tafi da sauri. Ya ce a zuba dakalin siminti a dandali, a ɗora jirgin, a yi masa fenti, masu yawon buɗe ido su riƙa ɗaukar hoto. Har an zuba dakalin kafin magana ta kai kunnen Baffa Weng. Ya tare Lou a gaban rumfarmu.

"Baffa, ai girmama shi za mu yi," in ji Lou. "Har fitilu za a sa masa."

"To ni ma ka ɗora ni kusa da shi, ka sa mini fitila a ka. Jirgin da ya hau siminti, shekara biyar ya zama gari. Ka ba ni zuwa bikin buɗe kamun kifi."

"In ya sha ruwa fa?"

"In ranar biki ta zo yana shan ruwa, ni zan riƙe maka igiyar ɗaga shi."

A kan haka suka rabu. Wata biyar ke nan kafin bikin. Ko Mai Gira ya tsaya a kan ruwa cikinsa a bushe, ko ya hau dakali har abada.

Katako ashirin da uku ya cire. Wasu a ido lafiya lau suke, har kafintocin da aka kawo suka ce ɓarna ce. Ya buga ɗaya da guduma ya ce musu su saurara. Suka ce ba su ji komai ba. Ya sa zarto ya yanka, sai ga cikin kamar soso, tsutsar ruwa ta cinye. Daga ranar ba su ƙara musu da shi ba. Lou ya kawo wani gam na zamani a gwangwani, ya ce kwana ɗaya yake bushewa. Baffa ya shinshina ya mayar da murfin. Ya ce katako yana kumbura yana motsi, abin da ya ƙame kamar dutse ba zai bi shi ba. Da kansa ya ƙona ɓawon kawa ya zama farar ƙasa, ya tankaɗe, ya zuba man itacen tung, ya daka a turmi rabin yini har kwaɓin ya yi danƙo. Kowane turmi haka. Matarsa ta gaya mana akwai ranakun da ba ya iya riƙe tsinken cin abinci.

Saura tsaga guda, wadda ke bin ƙashin bayan jirgi daga goshi har baya. Ita ba a toshe ta da hannu ɗaya. In aka fara daga gefe, kafin a kai ƙarshe katakon ya karkace. Sai masu toshi sun jeru dama da hagu, kowa da ƙarfen cusawa, su buga lokaci guda, suna bin bugun jagora. Kuma a wurinmu wanda ya ja bugun nan shi ake cewa ya rufe jirgi, sunansa ake kira muddin jirgin yana ruwa.

Masu toshin da suka rage a tsibiran nan, ban da Baffa Weng, goma sha huɗu ne, ƙaraminsu yana da shekara sittin da huɗu. Yawancinsu maganar Baffa Bei Rongfa suke ji. Shi kuwa shekara ashirin da biyu ba sa gaisawa da Baffa Weng. Wani jirgi suka taɓa toshewa tare, ɗaya dama ɗaya hagu, ya yi ɗigo, kowa ya ce ɓangaren ɗan'uwansa ne. Kullum da la'asar Baffa Bei yakan zauna a rumfarmu yana shan shayi, ya juya wa jirgin baya. Ran nan sai ga Baffa Weng ya shigo, hannunsa fari fat da kwaɓi. Duk muka sunkuyar da kai kan raga.

"Tsoho Bei, ina neman hannu goma sha huɗu."

"Wa ke magana? Ko iska ce?"

"Ni ne. Na zo roƙo."

"Au, gwani da kansa? Ina jin guduma wata huɗu, na ɗauka akwatin gawa kake haɗawa."

"In ba ka zo ba, shi ne."

Baffa Bei ya kurɓi shayi ya ajiye kofin. Sannan ya ce, "Wa zai ja bugu?"

"Kai."

"Hannunka ne ya mutu?"

"Hannuna lafiya lau. Ka fi ni riƙe bugu, tun muna koyo. Ni nakan yi sauri in na kusa ƙarshe."

"Shekara ashirin da biyu, sai yau ka faɗi gaskiya guda."

"Guda ɗaya ce kawai. Ɗigon nan dai ɓangarenka ne."

Wata a cikinmu ta kasa riƙe dariya. Baffa Bei ya ce mata ta kula da ragarta, amma shi ma bakinsa yana motsi.

Baffa Weng, a nan ne nake so in tsaya. Kai ne ka daka kwaɓin nan har hannu ya ƙi maka. Kai ne ka kwanta a ƙarƙashin jirgi cikin zafin wata na bakwai, ba wanda ya sa ka. Da aka zo wurin da ake samun suna, sai ka miƙa wa wani, a gaban mata, don ka san bugunsa ya fi naka daidai. Ban taɓa ganin babba ya yi haka ba.

Ranar bugun, tsofaffin suka zo, wasu da sanda, ɗaya jikarsa ce ta kawo shi a keke. Suka zauna a kan 'yan kujeru a ƙarƙashin jirgi, bakwai dama bakwai hagu, Baffa Weng a can ƙarshen layi kamar kowa. Baffa Bei ya tsaya a goshi ya buga sau uku a hankali, suka amsa. Ya ƙara sauri, suka bi. Guduma goma sha huɗu suna sauka kamar guda ɗaya, har ƙasa tana amsawa a tafin ƙafa. Masu sayar da kifi suka bar teburansu. Mahaifiyata ta ce rabonta da jin wannan sauti tun ranar da aka rufe jirgin mahaifinta, ta juya ta shiga rumfa don kada a ga fuskarta.

Kwana huɗu kafin biki aka tura Mai Gira cikin ruwa. Kafin azahar ruwa ya kai idon sawu a cikinsa. Da yamma ya kai ƙwauri. Lou ya leƙa ya fito, ya kira masu injin ɗaga kaya ya ce su taho.

"Baffa, alkawari alkawari ne. Ga shi yana sha."

"Na ce ranar biki. Yau Laraba."

"Nitsewa zai yi a gaban jama'a."

"Fiye da shekara katakon nan yana tudu. Bari ya sha ya kumbura, shi zai matse kansa. In ka ɗaga shi yau, ya sake bushewa, mun koma farko."

"In kuma ba haka ba ne?"

Baffa Weng ya ɗauki 'yar kujerarsa ya sauka cikin jirgin, ya zauna ruwa yana lasar ƙafarsa, ya sa alli ya ja layi inda ruwan ya tsaya. Ba wanda zai ɗaga jirgi da tsoho a ciki. Injin ya iso ya tsaya a gaɓa. Baffa Bei ya leƙo daga sama ya ce, "Daga hagu yake shiga, wajen da ka zauna ranar bugu." Sannan ya naɗe wando ya karɓi guga.

Ranar farko guga ɗari biyu suka kwashe. Na sani, domin daga rumfa muna ƙirgawa, ba mai gaya wa 'yar'uwarta tana ƙirgawa. Rana ta biyu sittin. Ta uku goma sha ɗaya. Ko su tsofaffin ba su yi wasa da juna sosai ba a kwanakin nan, don sun san akwai jirgin da ba ya matsewa.

Safiyar biki Lou ya zo da farar riga. Baffa Bei ya ce masa, "Sakatare, cire takalmi ka sauka da safa." Ya cire ya sauka. Ya daɗe a ciki, muna jin takunsa daga goshi zuwa baya. Da ya fito sai ya zauna a bakin jirgi, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar. Ƙura ce kawai a jikin safar. Ya ciro waya ya ce wa masu injin su koma. Daga nan ya je gaban Baffa Weng ya rusuna sosai, ya ce, "Baffa, na yi gaggawa." Baffa ya ce masa, "Sa takalminka, akwai ƙusa."

Da hantsi aka ja zannuwan uku sama, iska ta cika su. Jiragen ƙarfe fiye da ɗari suna jira a bakin mashiga, injinansu suna ruri, ba wanda ya motsa sai da Mai Gira ya wuce gaba. Mai shela ya ce jirgin da Bei Rongfa ya rufe ne, aka tafa. Baffa Weng yana tsaye kusa da mu a gaɓa, shi ma ya tafa. Dakalin siminti kuwa yana nan a dandali, a kansa muke shanya ƙananan kifi.

Baffa Weng, mai jin ciwon katako kafin ido ya gani, mun gode. Mun gode da jirgin, mun gode da abin da ka nuna mana a rumfa ranar nan. Ina maka fatan tsawon rai da hannu marar ciwo. A shan shayin da aka yi na sallamarka, an ce ka yi jawabi, ka miƙe ka ce, "A kankare ƙasansa sau biyu a shekara, kada a manta," ka zauna. Ba mu manta ba.

Masu toshin nan goma sha huɗu yanzu sun koma goma sha biyu. Duk wanda yake da tsoho mai sana'a a gida, ya je ya zauna kusa da shi tun yana iya nunawa da hannu. Kuma ranar Asabar ta farkon wata mai kamawa za a jawo Mai Gira tudu don kankarewa. Ana neman mutum ashirin, mace ko namiji, ba sai wanda ya iya ba. Baffa ya ce zai zo ya zauna a inuwa kawai, ba zai taɓa komai ba. Ku zo da yawa, don mu iya hana shi.